Kazar Ƙarƙashin Rumbu da Kazar Buhu: Tarihin Hatsi da Kiwon Kaji a Ƙasar Gusau

Rumbun ƙasar Zamfara ba ya taɓa ƙasa. A kan duwatsu ake ɗora shi saboda gara da danshi, sai a bar ɗan sarari tsakanin gindinsa da turɓaya, kuma a wannan sarari kaza ta yi zamanta shekaru aru-aru. Nan take fakewa daga rana da shaho, nan take tsintar ƙwayar da ta zubo in maigida ya fitar da damin awo. Har yau haka abin yake a ƙauyukan Bungudu da Tsafe da na kewayen Gusau. Amma a cikin garin Gusau akwai wata kazar dabam, fara sol, wadda ba ta taɓa ganin rumbu ba, alhali kuwa babu dabbar da ta kai ta dogara da abin da ke cikinsa. A makonni shida ko bakwai da take yi a duniya takan cinye hatsin da ya kai kilo biyu. Tsakanin kajin nan biyu akwai tarihin kimanin shekara ɗari, kuma a cikinsa amsar tambayar da masu kiwo ke ta yi take: wane hatsi ne ke sa kaza girma?

Kaza da hatsi tun fil azal tare suke. Wani bincike da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa ƙasusuwan kaza mafi tsufa da aka tabbatar sun fito ne daga wani tsohon mazauni mai suna Ban Non Wat a ƙasar Tailan, tsakanin shekara ta 1650 da ta 1250 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma masu binciken na ganin gonakin shinkafa da na ƙananan hatsi ne suka jawo tsuntsun daji zuwa gidan ɗan Adam. Ta iso Afirka ta Yamma cikin ƙarnoni goma na farko bayan haihuwar Annabi Isa, kamar yadda ƙasusuwan da aka tono a Jenne-jeno ta Mali da Kirikongo ta Burkina Faso suka nuna. A nan ta tarar da gero, wanda aka fara nomawa a yankin Sahel fiye da shekara dubu huɗu da suka wuce, ta tarar da dawa, ta kuma tarar da zabo, ɗan ƙasa na asali. Masara ita ce autar hatsi. Daga Meziko ta fito, ba ta shigo Afirka ba sai bayan 1500, kuma sunanta na Hausa, mai tuna Masar, yana nuna ta hannun wa Bahaushe ya ɗauka ta zo. Tsawon ƙarnoni ba ta wuce amfanin bayan gida ba, a gasa ta ɗanya a ci kafin gero ya nuna.

Wanda ya nemi kaza a cikin rubutaccen tarihin Zamfara zai sha wahala. An rubuta labarin malaman 'Yandoto, an rubuta yadda Malam Sambo ɗan Ashafa ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19, an rubuta sarautar Fulanin Bungudu da ta Katsinawan Tsafe. Kaza kuwa shiru. Dalilin a fili yake: hukuma abin da take karɓar haraji a kansa take ƙirgawa. Zakkar dabbobi ta hau kan raƙuma da shanu da tumaki da awaki, jangali ya hau kan shanu, amma babu mai bin akurki da littafi. Ga shi kuma kaza dukiyar mata ce da yara. Da ita ake karrama baƙo, da ita ake yi wa mai jego farfesu, ita ake kaiwa kasuwa in an rasa kuɗin magani, daga ita yarinya ke tara kuɗin akuya.

Abincinta ya biyo aikin turmi ne. In an yi surfe, ga dusa. In an wanke surfen, ga ƙasari. In an yi ɓarza an bakace, ga tsaki, wato ɓarzajjen hatsin da ake watsa wa ƙananan da bakinsu bai isa haɗiyar tsaba ba. Ɗan geron da uwargida ke watsawa da safe ko da almuru bai taka kara ya karya ba, kuma rabin amfaninsa shi ne kazar ta san gidan ubangijinta ta dawo. Sauran cikinta ita take nema: fara, tsutsar juji, ɗanyen haki, da gina in ruwan farko ya sauka. Akwai kuma wata al'ada da ta cancanci a tsaya a kanta. Yara kan je su fasa suri su kwaso gara a kawo wa 'yan tsaki da 'ya'yan zabi, wasu ma sukan kife tukunya da kara da kashin shanu domin gara ta taru a kwashe da safe. Tsohuwar da ke aika jikanta wannan aiki ba ta san kalmar furotin ba, amma ta san ɗan tsakon da ya ci gara ya fi wanda ya ci tsaki kaɗai saurin fitar da gashi.

Abin da wannan tsari ke bayarwa kaɗan ne. Kazar Hausa takan yi ƙwai arba'in zuwa sittin a shekara, tana ɗaukar wata biyar ko shida kafin ta kai kilo ɗaya ko ɗaya da rabi, kuma yawancin 'ya'yanta shaho da annobar hunturu ke rabawa. Sai dai ba ta cin rabon kowa. Abin da ya faɗo daga faifai take ci, don haka duk naman da ta yi riba ce.

Abin mamaki, kaza ce ta koya wa likitocin duniya darajar dusa. A shekarun 1890 wani likita ɗan Holan, Christiaan Eijkman, yana aiki a Batabiya, wato Jakarta ta yau, yana neman musabbabin cutar beriberi. Kajin da ke ɗakin bincikensa suka fara tangaɗi, ƙafafunsu suka shanye, sai kuma kwatsam suka warke. Da ya bi diddigi, ya gano ana ba su ragowar farar shinkafar asibitin soja ne, har aka sauya kuku, sabon ya ƙi bai wa kajin farar hula shinkafar soja, aka koma ba su wadda ba a surfe ba. Abin da surfe ya cire shi ne maganin, wato sinadarin da daga baya aka kira bitamin B1. Wannan aiki ya sa Eijkman ya sami kyautar Nobel a 1929. Ashe kazar ƙarƙashin rumbu, da ake wa kallon mai cin saura, tana samun ɓangaren ƙwayar da ya fi tuwon kansa wasu sinadaran.

Darasi na biyu ya fi wannan nauyi ga mai kiwo. A 1914 wasu masana biyu a Amurka, Thomas Osborne da Lafayette Mendel, suka nuna cewa dabbar da aka ciyar da babban furotin ɗin masara kaɗai ba ta girma, domin ya rasa wasu sinadarai biyu na ginin tsoka, laisin da tiriftofan. Masara tana da furotin kashi 8 zuwa 9 cikin 100, dawa 9 zuwa 11, gero ya kan kai 11 ko 12. Ɗan tsakon kajin nama kuwa yana buƙatar kashi 22 ko 23 a makonninsa na farko, kazar ƙwai na buƙatar 16 ko 17, tare da kalsiyam mai yawa domin ɓawo. Hatsi makamashi ne, kamar itace a murhu. Da shi jiki ke ɗumi, da shi ake motsi, rararsa ta zama kitse. Tubalin ginin tsoka da gashi da ƙwai daga wani wuri yake zuwa. Saboda haka wanda ya kulle 'yan tsaki a ɗaki ya cika musu kasko da tsabar dawa, yana ganin ya yi musu gata, ya raba su da gara da fara ne bai ba su madadin ba. Za su ci su ƙoshi, su tsumbure, su fara tsigar gashin juna. Wannan kuskure ya fi kowane yawa a tsakanin sababbin masu kiwo, kuma gaba ɗaya tarihin da ke tafe labari ne na neman abin da zai maye gurbin garar nan.

Ƙasar Gusau ta taɓa riƙe wannan abu a hannunta. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya mai da Gusau babbar tashar sayen auduga da gyaɗa. Kamfanonin Turawa da fataken Kwara suka buɗe kantuna, aka kafa injin gurzar auduga, daga baya aka sami masaƙa da kamfanin matsar mai. Gyaɗar da aka matse manta tana barin tunkuza mai furotin fiye da kashi 40 cikin 100, wato daidai abin da hatsi ya rasa. Amma gyaɗar nan jirgi ke kwashe ta zuwa teku, a matse ta a Turai, shanu da kajin can su ci tunkuzar. Wadda ta rage a gida mata ke mayarwa ƙuli-ƙuli, shi kuwa abincin mutane ne, babu mai hankalin da zai zuba wa kaza. Angurya, wato ƙwayar auduga, ta dace da shanu, amma tana ɗauke da wani sinadari mai suna gosifol da ke hana kaji girma yana kuma ɓata ƙwaiduwa.

Tunkuzar ma da nata haɗarin. A 1960 talotalo kimanin dubu ɗari suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Binciken wannan asara ne ya gano aflatoksin, gubar da fumfuna ke haifarwa a jikin gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba. Kaɗan daga cikinta ya isa ya lalata hantar ɗan tsako ya dakushe girmansa. Duk mai sayen rahusar masarar da ta sha ruwa a buhu, da sunan ai kaji ne za su ci, da wannan guba yake ciniki.

Jami'an gona na zamanin Turawa da na bayansu sun so gyara kazar ƙauye ta wata hanyar. A Nijeriya, kamar a ƙasashen Afirka da dama, an yi shirin musayar zakaru: a karɓi zakaran gida a ba da jan zakaran waje irin Rhode Island Red, da fatan 'ya'yansa su fi girma. An sauya jini ba a sauya kasko ba. Jikin da aka gina domin cin haɗaɗɗen abinci ba zai cika a kan juji ba, ga shi baƙon bai san shaho ba, bai kuma jure annoba ba. Shirin bai bar wani tasiri mai ɗorewa ba.

A daidai wannan lokaci ana ƙera wata kazar a Amurka. An ce sana'ar kiwon kajin nama ta samo asali ne a 1923 a jihar Delaware, inda wata mata, Cecile Steele, ta yi odar 'yan tsaki 50 aka kawo mata 500 bisa kuskure, ta rene su ta sayar da riba. A 1948 aka kammala wata gasa ta ƙasa baki ɗaya ta neman kazar gobe, Charles Vantress na Kalifoniya ya lashe da wani haɗin jini mai faɗin ƙirji, kuma daga irin wannan aiki farar kazar yau ta fito. Masana a Jami'ar Alberta ta Kanada sun wallafa wani gwaji a 2014 da ya nuna girman sauyin. Sun ba kaji iri uku abinci iri ɗaya na kwana 56. Irin 1957 ya kai giram 905, irin 1978 ya kai 1,808, irin 2005 ya kai 4,202. Abinci ɗaya, kwanaki ɗaya, nauyi ya ninka fiye da sau huɗu. Wato iri shi ke yanke iyakar girma, abinci kuma shi ke kai kaza ga iyakar ko ya hana ta. Ita wannan kaza an zaɓe ta ne, tsara bayan tsara, a kan abincin da manoman tsakiyar Amurka suka fi yalwa da shi: jar masara da waken suya. Duk ƙasar da ta sayi kazar ta sayi girkin tare da ita.

Arewa ma ta ba da nata gudummawar ga wancan girki ba tare da an sani ba. A farkon shekarun 1950 wani masanin dawa Ba'amurke, O. J. Webster, ya ɗauki irin ƙaura daga Arewacin Nijeriya zuwa ƙasarsa saboda rawayar cikinta, aka shigar da ita cikin aikin inganta dawar da ake ciyar da dabbobin can.

Sai shekarun 1970 suka zo da abubuwa uku a jere. Farin 1972 zuwa 1974 ya karya manoma. A 1975 wata cuta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa, mai sa gyaɗa ta takure, ta share gonakin Arewa, kuma daga nan dalar gyaɗa ba ta sake tashi ba. A wannan shekarar dai gwamnati da Bankin Duniya suka buɗe ayyukan raya noma guda uku na farko a ƙasar nan, a Funtuwa da Gusau da Gombe. Aikin Gusau ya shimfiɗa hanyoyin karkara, ya kafa cibiyoyin sayar da kayan noma, ya kawo takin zamani da gwamnati ke biyan fiye da rabin kuɗinsa. Tare da takin aka kawo sabon irin farar masara mai suna TZB daga cibiyar IITA ta Ibadan. Masara mai son taki ce, kuma in ta samu, babu hatsin da ke kamo ta a yawan buhu. A cikin shekaru kaɗan ta fita daga bayan gida ta shiga manyan gonaki. Ta fi kafuwa a Funtuwa inda ruwa ya fi yawa, amma ta bi hanya ta shiga Tsafe da kudancin Gusau da jigawa da fadamun Bungudu, yayin da arewacin yankin ya ci gaba da riƙe geronsa. Ga abin takaici a nan: a shekarar da makamashin kaji ya fara yalwata a ƙasar Gusau, a ita ce tubalin gininsu ya rushe.

A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, ta kwaɗaitar da ma'aikata da makarantu su yi lambu da kiwon kaji. Kuɗin fetur ya sa naira ƙarfi, masarar waje da 'yan tsakin waje suka yi araha, gidajen gona suka tashi musamman a kewayen Legas da Ibadan. Ginin bai da tushe. A 1985 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da masara da shinkafa, a 1986 aka karya darajar naira, a 1987 aka hana alkama, sannan aka hana shigo da tsiron sha'ir, kamfanonin giya da na lemon malta suka juyo kan dawa da masarar Arewa. Mai kaji ya wayi gari yana takarar buhu ɗaya da kamfanin giya da mai tuwo. Gidajen gona da yawa suka rufe. Waɗanda suka tsira sun koyi dogara da masarar cikin gida, kuma tun daga lokacin wata hanya ta kafu wadda ake bi har gobe: manyan motoci su kwashi hatsi daga kasuwannin Arewa su yi Kudu, wasu motocin su taso da kwalayen 'yan tsakin kwana ɗaya daga injinan ƙyanƙyasa na yankin Ibadan su kwana a hanya zuwa Arewa. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta fitar da kazar ƙwai mai jure zafi da ake kira Shika Brown. Hana shigo da daskararrun kaji a farkon shekarun 2000 ya ƙara wa sana'ar ƙarfi, murar tsuntsaye da ta fara ɓulla a wata gona a Jaji a farkon 2006 ta yi mata mummunan rauni, ta sake miƙewa. Gusau kuwa, da ta zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoba 1996, ta cika da ma'aikata da masu shayi da masu gasa kaji, kasuwar ƙwai da nama ta buɗe.

To, a koma kan tambayar farko. In ana maganar girma zalla, masara ba ta da wani sirrin da gero da dawa suka rasa. Gero ya fi ta furotin, furotin ɗinsa ya fi nata laisin, yana da maiƙo, kuma ba shi da saurin kama aflatoksin kamarta. Gwaje-gwajen da aka yi a Jami'ar Jojiya ta Amurka a farkon shekarun 2000 sun nuna kajin nama da aka haɗa musu abinci da gero mai yawa sun yi girma daidai da masu cin masara, wani lokaci ma fiye. Ƙwayarsa ƙarama ce, har ana iya zuba wani kaso nasa ba niƙa, ƙundu ya yi aikin inji. Dawa kuwa sunanta ya ɓaci ne saboda tanin, sinadari mai bauri da ke ɗaure furotin ya hana jiki amfana da shi, ya kuma rage wa kaza cin abinci. Amma ba kowace dawa ke da shi ba. Wasu nau'o'in masu duhun ɓawo ne ke ɗauke da shi, kuma ja ko fari a ido ba ya isa hujja. Farafara da ƙaura, waɗanda su ne dawar rumbun Zamfara, ba su da wannan matsala, kuma ƙarfinsu bai gaza na masara ba sai da ɗan kaɗan. Abin da jar masara ta fi su da shi launi ne: ita ke sa ƙwaiduwa da ƙafar kaza su yi rawaya. Farar masarar da Arewa ta fi nomawa ba ta da wannan, shi ya sa ƙwan gidan gona ke fitowa da ƙwaiduwa fari-fari kusa da na kazar da ke yawo tana cin ganye. Ƙaura tana ɗan taimakawa, busasshen ganye kamar zogale ma haka.

Dalilin da ya sa masara ta yi sarauta yana kasuwa. Hekta ɗaya da ta sami taki tana ba da masara fiye da gero nesa ba kusa ba, don haka a yawancin shekaru kilonta ya fi araha. Gero kuma yana da masu shi: mai fura, mai kunu, mai koko, ga azumi da ke ɗaga farashinsa kowace shekara. Kaza ba ta iya outar mai fura a gaban ma'auni. Duk da haka akwai shekaru da watannin da dawa ke sauka ƙasa da masara, kuma mai kiwon da ya haddace cewa abincin kaji masara ne kaɗai yakan bar wannan rahusa ta wuce shi.

Ɗan lissafi zai nuna girman abin. Kazar ƙwai takan ci giram 110 zuwa 120 a rana, fiye da rabinsa hatsi. Kaji dubu ke nan suna cin hatsi wajen kilo 60 kullum, buhu mai kilo ɗari ba ya kai musu kwana biyu, a shekara kuma sun haura buhu 200. A matsakaicin abin da manomin Nijeriya ke samu, wanda bai cika wuce tan biyu a hekta ba, wannan amfanin gona ne mai faɗin hekta goma ko fiye. Abinci shi ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwo. Ɗaki guda na kaji a Tudun Wada ko Samaru ta Gusau yana rataye ne a wuyan manoma da dama a Tsafe ko Ɗansadau waɗanda mai ɗakin bai taɓa gani ba.

Manoman nan su ne ta'addancin 'yan bindiga ya faɗa wa. Tun wajen 2011 abin ya fara da satar shanu, ya zama kisa da garkuwa da mutane, har ya kai manomi sai ya biya kuɗi kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya girbe. Ƙaramar hukumar Tsafe na cikin waɗanda suka fi ji a jika, haka ƙauyukan Bungudu da na Maru, kuma hanyar Funtuwa zuwa Gusau, wadda hatsi ke fita ta cikinta 'yan tsaki ke shigowa, ta zama abin fargaba. A watan Satumban 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako aka kuma katse layukan waya. Wasu matsalolin daga nesa suka zo: tsutsar da ke cin masara ta fara ɓulla a Afirka ta Nijeriya a 2016, Babban Banki ya hana ba da kuɗin waje domin shigo da masara a Yulin 2020, cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da faɗuwar naira suka ninka kuɗin taki da na mota. Masara ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba, masu kaji da yawa suka sayar da abin da ya rage suka rufe ɗaki, ƙwai ya fita daga kwanon talaka. Da gwamnati ta ɗage harajin shigo da hatsi na kwana 150 a 2024, farashi ya sauko a shekarar da ta biyo, mai kaji ya numfasa, sai kuma manomi ya koma kuka, domin kuɗin buhun masara ya kasa sayen buhun taki. Manomi da mai kiwo kowa na buƙatar ɗan'uwansa, amma ba a cika samun shekarar da dukansu biyu suka yi dariya ba.

Cikin wannan matsi wata kaza ta uku ta sami shiga. Kamfanin Amo na garin Awe a jihar Oyo ya fitar da Noiler, Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta ta fitar da FUNAAB Alpha ƙarƙashin jagorancin Farfesa Olufunmilayo Adebambo. Dukansu kaji ne masu launi, na nama da ƙwai, sun fi kazar Hausa saurin girma, sun kuma fi farar kaza juriya. Ana renonsu da abincin buhu na makonni huɗu ko biyar, lokacin da buƙatar furotin ta fi tsanani, a yi musu rigakafi, sannan a sake su tsakar gida su ci dusa da tsaki da abin da suka tono. Wasu masu kiwon kuma sun daina sayen cikakken abincin kamfani. Sukan sayi haɗin furotin da bitamin kaɗai, su auno masara ko farafara, duk wadda ta fi sauƙi a makon, su kai inji a ɓarza. Waken suya, da Zamfara ke nomawa a yanzu, ya hau kujerar da gyaɗa ta bari, da sharaɗin a gasa shi ko a dafa, domin ɗanyensa na hana narkewar abinci. Shi ma yana da mai takara, wato mai awara.

A unguwannin bayan garin Gusau, inda mutanen ƙauyukan Tsafe da Bungudu da na Maru suka sami mafaka, shanu sun tafi da ɓarayi, rumbuna an bar su a baya ko an ƙone. Dabbar da ke shiga kwando ta hau kan kaya a bayan mota ita ce kaza. A gidajen haya da kangwayen da ba a gama ginawa ba babu surfen kullum, domin awo ake yi da tiya a kai inji, don haka dusar ma saye ake yi, kuma mai kaza na layi ɗaya da mai tunkiyar layya a bakin injin niƙa.